Matasan Katsina, Ku Shiga Gidan Tarihin Nan Ku Yi Tambaya

'Yan uwana matasa, akwai abin da na gani a gidan tarihi na ƙasa da ke cikin birnin Katsina, kuma ya tsaya mini a rai. Samari ne su shida, sun sha kwalliya, suka jingina da bango aka yi ta ɗaukar su hoto, suka juya za su tafi ba wanda ya leƙa ɗaki ko ɗaya. Na tambayi ɗayansu ko ya san ginin mene ne, ya ce mini "tsohon gidan Turawa ne."

Ƙanena, ba gidan Turawa ba ne. Kwalejin Katsina ce, wadda aka buɗe a 1922 don horar da malamai. A ɗakunan nan na ƙasa Sardauna Ahmadu Bello ya zauna yana ɗalibi, haka Abubakar Tafawa Balewa da Kashim Ibrahim. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga can ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Dubi kaurin bangon, ka shiga ka ji sanyin ɗakin ko da tsakar rana, sannan ka tuna cewa magina ne na garin nan suka yi shi da tubali da hannunsu.

Na san abin da wasunku ke cewa, wai kayan tarihi kayan maguzanci ne, bai kamata Musulmi ya je ba. Ba bauta za ka je yi ba. Alƙur'ani da kansa ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. A Durɓi ta Kusheyi, can ƙasar Mani, an tona kaburburan tsoffin sarakuna a 1907, aka sake tonawa a 1992. An samu wuri, da duwatsun ado, da tasoshin tagulla, da awarwaron hauren giwa. Wuri daga teku yake fitowa, Katsina kuwa ina ita ina teku? Ke nan tun ɗaruruwan shekaru fataken ƙasar nan ke hulɗa da duniya mai nisa. Wallahi abin takaici ne a ce ɗalibi a Jamus ya san wannan, ɗan Mani bai sani ba.

Sai roƙo biyu. Kada ka kankare bango ka rubuta sunanka, ginin ƙasa ne, ba ya jure wannan. In kuma garma ta tono maka tsohuwar tukunya ko wani ƙarfe a gona, kada ka miƙa wa dillali don 'yan kuɗin da ba za su kai ka mako ba, ka sanar da ma'aikatan gidan tarihi.

Ni dai cikin hutun nan zan koma da ƙannena, mu nemi ma'aikaci ya zagaya da mu ɗaki-ɗaki, daga nan mu wuce hasumiyar Gobarau. Kowannensu na ce ya riƙo littafi da biro.