Kunyar Da Ke Sa A Yashe Matafiyi

Assalamu alaikum ƙannena da abokaina. Maganata yau da ku ce masu yawan hanya, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu zuwa ziyara, da ku da kuke karɓar baƙi a nan Sakkwato.

Bara ɗan ƙanwar mahaifiyata ya zo daga Gusau. An aiko shi sayen takalman fata da jakunkuna, shi kuma ya ƙudurta zai ziyarci Hubbaren Shehu, in lokaci ya ba shi ya wuce Wurno ya ga makwancin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da hantsi ya tsaya cirar kuɗi a wani ATM kusa da babbar kasuwa. Injin ya tofo masa katinsa har sau biyu. A bayansa akwai wani dattijo, farar riga tas, carbi a hannu, furfura a gemu. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, kawo in goge maka, injin nan sai da lallashi." Ya karɓa, ya goga a hannun rigarsa, ya miƙo masa. Lambar sirri kuwa tuni ya gama ganinta tun sa'ad da yaron ke dannawa. Katin da ya dawo hannunsa na bankin ne, launin ɗaya, amma sunan wani ne a jiki.

Da na tambaye shi daga baya, amsar da ya ba ni ita ta sa nake wannan rubutu. Ya ce, "Yaya, wallahi jikina ya ba ni. To amma mutumin ya haife ni, yaya za a yi in ce masa a'a?"

Ku duba inda ɗan damfara ya shigo. Bai zaro wuƙa ba, bai yi gudu ba. Tarbiyyar da iyayenmu suka yi mana ya ɗauka ya buɗe aljihun yaron da ita. An hore mu kada mu musa wa babba, kada mu ƙirga kuɗi a gaban wanda ya ba mu, kada mu cika tambaya a garin mutane don kada a ce mu 'yan ƙauye ne. Wannan hali ne mai kyau a gida da cikin dangi, kuma kunya tana daga imani. Sai dai hana baƙon mutum katinka ba rashin kunya ba ne. Ka ce, "Baba na gode, zan shiga ciki su duba min," ka wuce abinka. Dattijon kirki ba zai ji haushi ba. Wanda ya ji haushi kuwa ya faɗa maka ko shi wane ne.

Haka abin yake a tasha. Kana sauka wani zai ruga ya fizge jakarka yana "ina zuwa, ina zuwa", kafin ka buɗe baki ya yi gaba, kai kuma kana binsa sumui-sumui don kana jin nauyin ka ɗaga murya. Riƙe jakarka. Tambayi kuɗin kabu-kabu kafin ka hau, kuma ka tambayi mai shayi ko mai shago da ke zaune wuri ɗaya, wanda gobe ma nan za a same shi. Matambayi ba ya ɓata, amma ya danganta da wa ya tambaya. Motar bakin hanya da ke kiran fasinja da rabin kuɗin tasha, araha ba ta ado. A tasha aƙalla an san direba, an san lambar motarsa. In kuwa ka shiga mota ka ji fasinjoji sun fara gardama kan wata jakar kuɗi da wai wani yaro ya sato wa ubangidansa, ana shawarar a raba da kai, ka sani kowa a cikin motar nan ya san kowa, kai kaɗai ne baƙo. Ka ce a sauke ka a wurin da ke da jama'a. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

'Yan sane kuwa cunkoso ne gonarsu: fitowa daga sallar Juma'a a Masallacin Sultan Bello ko Masallacin Shehu, kallon hawan Sallah a ƙofar fada, turereniyar kasuwa ana gobe Sallah. Aljihun gefe na doguwar riga kamar ƙofa ce a buɗe, reza ɗaya ta ishe shi. Wani ya bangaje ka, ya tsaya yana ba ka haƙuri har da riƙe hannu, abokin aikinsa ya gama da aljihunka. Ka raba kuɗinka gida biyu, ka sa waya a aljihun ciki, kuma ka daina latsa ta a kan babur.

Masu ƙetarawa Konni ta Illela, ga wani abu da ke rikita sabon zuwa. A Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai kaya ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi, jaka ɗaya kuma sefa 1,000 ce. Wanda bai san wannan ba, kafin ya gane an yi masa kwana a lissafi. Wajen canji, ka ƙirga da hannunka, a gabansa, har sau biyu. In ya ce kawo ya sake dubawa, to in ya maido ka sake ƙirgawa daga farko, domin a wannan karɓa da maidowar ake zare takarda. Kai ma ɗan kasuwa, kada ka saki kaya don an nuna maka alat a fuskar waya ko saƙo ya shigo. Buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka, ko da Alhajin yana ta huci yana cewa ka raina shi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne damfara da sunan addini. Mutum ya tara guminsa na shekaru, wani ya zo da larabci biyu-uku ya ce zai kai shi Hajji da bizar ziyara ko ta Umara a rabin kuɗin kujera. Waɗannan bizoji ba sa ba mutum izinin aikin Hajji. A Hajjin 2024, lokacin tsananin zafin nan, mahajjata fiye da 1,300 suka rasu, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin 100 ba su da izini, wato ba su da tanti ba su da mota, sai tafiyar ƙasa cikin rana. In iyayenku za su biya, ku raka su hukumar alhazai ta jiha, ko ku tabbatar kamfanin yana da lasisin NAHCON, wato hukumar alhazai ta ƙasa. Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Ku kuma 'yan garinmu da kuke ninka wa baƙo kuɗin babur don kun ji harshensa ba na nan ba ne, ko kuke tare maziyarta kuna karɓar kuɗin da babu wanda ya aza, ku ji tsoron Allah. Mutum ya taso daga Adamawa ko Maraɗi don ƙaunar Shehu, wanda ya rasu tun 1817 amma har yau ake tattaki dominsa, sai ya koma gida da labarin yadda aka cuce shi a bakin Hubbare. Kun san hadisin: wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

In ƙaddara ta faɗa maka, kada ka yi ihun ɓarawo a kan wanda kake zato kawai, an sha kashe bayin Allah a haka. Ka toshe asusunka nan take, ka rufe layinka, ka kai rahoto ga 'yan sanda. Ɗan'uwana ya lura da baƙon suna a katin tun bayan La'asar, amma kunya ta hana shi faɗa min, ya kwana yana juyi a ɗakina, kuma a daren aka kwashe mafi yawan kuɗin. Saboda haka kafin tafiyarka ta gaba, ka tambayi bankinka lambar toshe asusu daga wayar wani, ka danna *#06# ka kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka, ka haɗa da lambobin mutum biyu na gida, ka rubuta su a takarda ka sa a aljihun da ba na waya ba.