Siminti bai san ranar biki ba

Tun jiya nake ganin ana ta zagin maginin da ya gyara gidan ƙanena na unguwar Karkada a Damagaram, har wasu na cewa a kai shi ƙara. Ni ba da bakina ba. Ina tsaye a tsakar gidan ranar da bawan Allahn nan ya ce aikin ba zai yiwu cikin kwana 18 ba. Gwaggonmu ta ce masa: "Malam, an riga an sa rana, an raba goro, sai ka san yadda za ka yi." Ya ce: "Hajiya, ni zan iya kwana kan aiki, amma bango ba zai bushe don ni ba." Ba wanda ya saurare shi. Ni ma shiru na yi, kuma shirun nan har yau yana cin raina.

To ga shi ko wata 4 ba a yi ba. Fentin ɗakin amarya ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, wani farin gishiri ya fito a gindin bango bayan gado. Karon falo kuwa, ka ƙwanƙwasa shi da makulli ka ji yana amsawa kamar ƙwarya, don an taka shi tun bai kama ba. Da idona na ga mata sun shigo jere suna jan gado da kujeru a kansa, mai fenti yana bisa tsani bai ko sauko ba.

Laifin namu ne, mu da muke sa ranar tarewa kafin mu tambayi mai aiki. Siminti sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Shafe yana son a riƙa ba shi ruwa safe da yamma, aƙalla mako guda, sannan a bar shi ya bushe sarai kafin fenti ya hau. Mu kuwa a watan Afrilu muka yi aikin, zafi ya haura 40, ka watsa wa bango ruwa kafin ka juya ya shanye. Kuma wa bai san halin ruwa a Damagaram ba? Gari ne bisa dutse, famfo ya yi kwanaki bai kawo ba, sai ka bi 'yan ga-ruwa. Da kuɗi suka fara ƙarewa, ruwan bangon aka fara yankewa, don ba shi ake gani ranar biki ba. Labule ake gani.

Na san abin da za ku ce. Wai dangin amarya ba za su yarda a ɗaga ba. An tambaye su? Ba a tambaya ba, kunya aka ji. Wai kuɗin haya na tafiya. Hayar wata ɗaya da fasa karon falo a sake sayen siminti da yashi, wanne ya fi ciwo? Wai kowa haka yake yi. Shi ya sa duk gidan sabon aure da ka shiga, bango na zubar da fata. Ana iya ɗaura aure a jinkirta tarewa, ba yau aka fara ba. Ko a gama ɗaki ɗaya da bayi da kyau, sauran su biyo sannu. Amma a ce bango ya bushe don an buga katin gayyata, wannan ba ya hannun magini, wallahi ba ya hannunsa.

Amaryar nan ce ke ba ni tausayi. Ita ke share garin fenti kullum safe, ita ke jin kunya in ƙawayenta sun zo, alhali ba wanda ya nemi shawararta.

Da na biyo ta unguwar Birni shekaranjiya sai na tuna tsohon masallacin da ruwan sama ya rusa a watan Satumba na 2024, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 a tsaye. Kakanmu duk shekara kafin damina sai ya kira magina an sake yaɓen gidanmu, an duba indararo ɗaya bayan ɗaya. Yanzu na nemi mai yi mini yaɓen katangar gidanmu na gado, mako 2 ke nan ban samu ba. Wanda ya san wani tsohon hannu a Birni ko Zango, don Allah ya yi mini magana kafin ruwan sama ya cinye katangar.