Ku Ƙirga Kayan Ban Ɗaki Tun Ana Zaune Lafiya

'Yan uwana sababbin magidanta, a watan Maris na 2020 da yawanmu mun sha dariya da muka ga bidiyon mutane a Ostiraliya suna kokawa a kanti a kan tishu. Muka ce mu masu buta ne, ina ruwanmu. A Afrilu aka kulle Kano saboda cutar korona. A layinmu 'yan ga-ruwa suka yi wuyar gani, na ga maigida da girmansa yana bi gida-gida da buta a hannu, kunya ta hana shi faɗin abin da ya kawo shi.

Wanda ya ga Maiduguri a Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ya san abin da ya fi wannan ciwo: ga ruwa har wuya, amma ya gauraya da na masai, ba mai tsarki da shi.

Muna auna shinkafa da mudu, amma kayan ban ɗaki sai mu bar wa uwargida, wai maganar ba ta faɗuwa. Don Allah ku zauna da ita ku yi lissafi. Gidan mutum shida, kowa ya kama ruwa da lita 2 a rana, lita 12 ke nan. A mako biyu 168, kusan jarka bakwai mai lita 25, kuma ba a taɓa alwala ba, balle sha da girki. Wa ke da wannan ajiyar a ɗakin haya?

Nan tishu ke da rana, kuma addini bai hana ba. Hadisin Salmanul Farisi a Sahihu Muslim ya yi maganar tsarki da duwatsu, kada su gaza uku, malamai kuma sun haɗa da duk abu busasshe mai tsarki da ke kawar da najasa. A fara da tishu, buta ɗaya sai ta ishi mutum biyu.

Kada ku ari lissafin gidan wani. Ranar da kuka buɗe sabon naɗi, ku rubuta kwanan wata a cikin kwalinsa. In ya yi kwana huɗu, naɗi huɗu zai kai ku mako biyu. Ku ninka, domin bayan ambaliya amai da gudawa ba su cika yin nisa ba. Haka za ku ƙirga sabulu, famfas ɗin jariri da audugar mata, wadda 'yarku budurwa ba za ta taɓa buɗe baki ta ce ta ƙare ba.

Ku ƙulle su a leda biyu, ku ɗora can saman wadirob inda ruwa ba zai kai ba.