Ku tafi ku nemo labarin Yusuf

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwana Musulmi.

A garin nan namu na Gombe, idan mutum ya shiga ƙunci, maganar da ta fi saurin fitowa daga bakinmu ita ce "sai haƙuri". Magana ce mai kyau, sai dai sau da yawa abin da muke nufi da ita shi ne mutum ya yi shiru ya daina damun mu. Wanda hawaye ya zubo masa a zaman makoki sai a ce ba shi da tawakkali, wanda kuwa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa wata uku sai a yaba masa da cewa ya rungumi ƙaddara. Ina ganin mun yi kuskure a duka biyun, kuma Suratu Yusuf ta ishe mu hujja.

Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya rasa Yusuf yana yaro ƙarami. Bayan shekaru masu yawa aka tsare Binyaminu, ƙanen Yusuf, a Masar, babban ɗan kuma ya ƙi dawowa gida saboda alkawarin da suka ɗaukar wa mahaifinsu. Aya ta 84 ta faɗa mana cewa idanun wannan dattijo sun yi fari saboda baƙin ciki. 'Ya'yansa suka yi masa irin faɗan da muke yi wa juna a yau, suka ce ba zai daina ambaton Yusuf ba har sai ya nakasa ko ya halaka. Amsarsa tana aya ta 86, inda ya ce shi ga Allah kaɗai yake kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. Annabi ne ɗan Annabi, ya yi kuka har ganinsa ya tafi, kuma Allah bai zarge shi da raunin imani ba. Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aya ta 87. Kowa ya haddace ƙarshenta, inda aka ce kada ku yanke ƙauna daga rahamar Allah, amma kaɗan ne suke kula da farkonta. Kafin Yaƙubu ya hana 'ya'yansa yanke ƙauna, sai da ya fara tashin su tsaye, ya ce, ya 'ya'yana, ku tafi ku nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa. Tsoho wanda ganinsa ya tafi, a shekarun fari da yunwa, shi ne ya sake tura ayari kan hanyar Masar da 'yar hajar da ba ta taka kara ta karya ba, kuma a wannan tafiyar ce Yusuf ya bayyana musu kansa.

Ina da maƙwabci a Tudun Wada wanda jarinsa ya karye bayan cire tallafin man fetur a 2023, ya rufe shagonsa, daga baya muka daina ganin sa ko a sahun Asuba. Mun daɗe muna cewa Allah Ya kawo masa sauƙi ba tare da ɗayanmu ya taka ƙofar gidansa ba, kuma wannan laifin ina cikinsa. Ranar da wani dattijo a unguwar ya shiga wurinsa, bai yi masa wa'azi ba. Ya ce masa, "Ɗana, tashi ka raka ni kasuwa, ƙafata ba ta da ƙarfi." Haka ya riƙa yi masa kullum har bawan Allah ya buɗe baki ya faɗi cewa ya kusa wata biyu rabonsa da barcin kirki.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke cikin irin wannan hali, yi kukanka a sujada, sannan ka ɗauki mataki ɗaya da ƙarfinka zai iya, ko da fitowa jam'i ne, ko komawa Islamiyya, ko zama kusa da mai sana'a kana koyo. Ka samu mutum ɗaya amintacce ka faɗa masa gaskiyar abin da ke cin ka. Idan barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita daga ranka, ko zuciya ta fara raya maka cewa gara mutuwa, to ka je asibiti ka ga likita a yau, domin neman magani sunna ce. Nana A'isha ta kasance tana sa a dama talbina, wato kunun sha'ir, ga mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda ta ji Annabi (SAW) ya ce tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana kuma rage baƙin ciki.

Maƙwabcin nawa bai sake buɗe shagon ba har yanzu, kuma bashin da ake bin sa bai ƙare ba. Yana koyon gyaran waya a wurin wani yaro da ya girme wa da shekara 15, kuma a makon jiya shi ne ya kira sallar Asuba a masallacinmu.