Haƙuri yana buƙatar dalili

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ƴan'uwana na Maraɗi da kewaye.

Babu kalmar da muke yawan faɗa wa wanda masifa ta afka wa kamar "sai haƙuri". Magana ce ta gaskiya, amma sau da yawa a nan muke tsayawa, ba mu tuna wa mutum abin da zai yi haƙurin dominsa ba, alhali wanda bai san dalilin zamansa a duniya ba ƙaramar jarrabawa ma tana iya durƙusar da shi.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya wuce ta wurin Yasir da matarsa Sumayya da ɗansu Ammar ana azabtar da su a Makka, a lokacin da ba shi da ikon kuɓutar da su. Ya umarce su da haƙuri, kuma nan take ya haɗa musu da albishir cewa makomarsu Aljanna ce. Azabar ba ta ragu ba, a cikinta ma Sumayya ta yi shahada, amma sun san abin da suke saye da wahalarsu. A aya ta 2 ta Suratul Mulk, Allah Ya ce Ya halicci mutuwa da rayuwa ne domin Ya jarraba mu, wane ne ya fi kyawun aiki. Tun da kyawun aiki ne ma'auni, to majinyacin da ke kwance da ɗan kasuwar da jarinsa ya karye lokacin da aka rufe iyakar Ɗan Isa a 2023 duk ba a rufe musu ƙofar cin jarrabawar ba.

Kada kuma a ɗauka kuka rashin imani ne, kamar yadda wasu ke yi wa masu makoki gori a zaman ta'aziyya. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa, sannan a aya ta 87 ta Suratu Yusuf ya tashi ƴaƴansa su je su nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa, ya hana su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Yana cikin hawaye, amma yana da abin da yake jira, yana kuma da aikin da yake sa a yi.

Likitan ƙwaƙwalwa Viktor Frankl, ɗan ƙasar Ostiriya wanda aka tsare a sansanonin ƴan Nazi daga 1942 zuwa 1945, ya lura cewa fursunonin da ke da wani mai jiransu ko aikin da ba su kammala ba sun fi sauran juriya. Mu ba sai mun je nesa ba. Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta cinye tsohon gari a 1945, iyayenmu suka hau tudu suka sake gini. Bayan farin 1984, manoman wannan jiha suka riƙa barin tohon kututture yana girma a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani, har gawo da kalgo suka dawo filayen da suka zama fako. Dattijon da ya raini tohon nan ya san wataƙila jikokinsa ne za su ci amfaninsa. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas cewa Annabi ya yi umarni, ko da Alƙiyama za ta tashi alhali akwai dashen dabino a hannun ɗayanmu, idan zai iya dasa shi kafin ta tashi, to ya dasa.

Saboda haka idan ka je wurin matar da ta rasa miji, ko ƴan'uwanmu da ƴan bindiga suka koro daga Zamfara da Sakkwato suka sauka a yankin Gidan Rumji tun 2019, kada ka tsaya ga hatsi da gaisuwa kawai. Ka tuna wa uwar marayu cewa tarbiyyarsu amana ce da Allah Ya damƙa mata, ka nema wa malamin da ya yi gudun hijira almajirai, ka ara wa manomi ɗan fili ko na damina ɗaya ne. Wanda kuwa baƙin ciki ya hana shi ci da barci tsawon makonni, ko ya fara cewa ya gaji da duniya, a haɗa masa addu'a da ganin likita, kuma kada a bar shi ya riƙa kwana shi kaɗai.