Aljanin ƙarfe huɗu na asuba

Sana'ata kargo ce. Ina zaune a Makka, wajen Shara Mansur, kuma duk Hajiyar da ta yi sayayya har kayanta suka fi ƙarfin kilon jirgi, ni ake kawo wa. Dabino ne, abayoyi ne, dardumar salla ce, filasan shayi ne, in auna, in rubuta, a tura Jidda, daga can sai Kano. Wannan lissafi kaf yana cikin wata tsohuwar kwamfutar tebur da na saya a Harajin Sawarik na Jidda, kasuwar gwanjon nan da mutum zai shiga neman kujera ya fito rungume da injin markaɗe. Da ganin ta ka san wani ofis ne ya gaji da ita. Shekara uku muna tare ba ta taɓa yi mini gardama ba.

Ina da wata ɗabi'a da uwargida ta daɗe tana yi mini faɗa a kai. Ba na kashe kwamfuta, barci nake sa ta. In dare ya yi na gaji, sai in bar komai a buɗe yadda yake, lissafin da ban adana ba, rasit ɗin da na yi rabi, in danna mata barci in tafi nawa. Da safe in taɓa linzami, ta buɗe ido, mu ɗora daga inda muka tsaya.

Ran nan na fito da safe na tarar da ita a farke, fes, tana tambayata lambar sirri kamar ba ta taɓa ganina ba. Na shiga, wayam. Aikin da na yi daga bayan isha'i har sha biyu, Excel, manhajar da nake lissafi da ita, ya ceto mini wani ɓangare, sauran ya bi iska. A cikin abin da ya bi iskar har da awon kayan wata Hajiya 'yar Kwari, wadda na tabbata kilo 43 na auna, ita kuwa ta rantse 34 ne. An riga an ɗaure kayan an loda a mota. Na yi ta kallon gilashin kwamfuta ko za ta ba da shaida, ta yi shiru. Kilo tara na biya daga aljihuna.

Washegari haka. Wanshekare ma haka.

Yara na fara tarawa. Na jera su a falo daga babba zuwa ƙarami, na yi musu tambayoyi irin na 'yan jawazat, jami'an shige da fice. Babu wanda ya amsa laifi sai autar, wadda ta fashe da kuka ta ce ita ce ta shanye laban ɗin da ke firij. Ba abin da nake nema ke nan ba, amma aƙalla an warware wata tsohuwar shari'a.

Saura mutum ɗaya. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo Umra daga Katsina, kuma a majalisin da kwamfutar take nan muka yi masa shimfiɗa. Tambayar kawu irin wannan sai an yi mata zagaye. Na gaishe shi, na tambayi ƙafa, na tambayi yadda ya ga cunkoson ɗawafi, sannan na ce, "Kawu, ko da dare kana ganin wani yana taɓa na'urar nan?"

Ya dube ta, ya dube ni. "Ɗana, ni da wannan aba ko gaisawa ba ma yi. Wallahi ban taɓa ɗora mata yatsa ba."

Dattijo ya rantse a garin Makka, me ya rage? Na ba shi haƙuri har sau biyu.

Daga nan na koma bincike da kaina, ni da waya da intanet. Na fara zargin sabuntawar da Windows ke yi, don an ce takan sake kunna na'ura cikin dare in ta gama girka abubuwanta. Na duba tarihin, ba abin da aka girka a waɗannan ranaku, amma duk da haka na dakatar da ita, a zauna lafiya. Aka ce linzami na iya tashin kwamfuta ko da tebur ne ya girgiza, na cire shi na sa a aljihun jallabiya na kwana da shi. Aka ce wayar intanet ma tana iya tashin ta, na zare. Aka ce in buɗe baƙin allon nan in rubuta powercfg /lastwake, zai faɗa mini wanda ya tashe ta. Na rubuta harafi bayan harafi ina bismilla. Ya ba ni sifili. Wato a ganinta babu wanda ya tashe ta daga barci, ita sabuwar rayuwa ta fara.

A nan na kira wani yaro, ɗan maƙwabcinmu, haifaffen nan, da ke aiki a shagon gyaran kwamfuta a Aziziyya. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya zo bayan la'asar ya buɗe wani wuri da ake kira Event Viewer, inda ashe duk abin da na'ura ta yi take rubutawa, har da lokaci. Ya nuna mini wasu jajayen alamu a jere, kowace da Kernel-Power, lamba 41.

"Ya ammi, ka ga wannan? Ma'anarsa ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba."

Na ce wannan ai na sani, shi ya sa na kira ka. Wa ya yi?

"Ba ya faɗa. Shi dai ya ce an yi."

Lamba 41 ke nan, kamar mai gadin da zai zo da safe ya shaida maka an yi sata. Amma yaron ya san aikinsa. Ya buɗe cikin bayanin ya nuna mini wani gurbi da ke ɗauke da sifili, ya ce da shuɗin allon nan na mutuwa, wanda Windows ke nunawa in ta rikice, ne ya faɗo mata, da an ga lamba a wurin. Tunda babu, ya fi zargin wuta. Ya yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane kamar ni na gano shi. In kwamfuta na barci, kusan komai na cikinta a kashe yake, fanka, faifai, gilashi, sai RAM kaɗai, inda aikin da ka bari a buɗe yake zaune. Ita kuma RAM ba ta riƙe komai sai da wuta, don haka akwatin wutar da suke kira pawa saflai yakan ci gaba da ɗiga mata 'yar wuta ta bolt 5 duk dare. Ɗigon nan ya yanke, shi ke nan, ta manta kowa.

"Amma kahraba ba ta ɗaukewa a nan," in ji ni. Da a gida ne da ba a yi wannan dogon zance ba, kowa ya san mai laifi. A nan kuwa agogon murhun kicin ma bai taɓa komawa sifili ba.

Sai muka duba lokutan. 4:04. 4:07. 4:03. 4:06. Uwargida da ta kawo mana shayi ta leƙa ta kafaɗata ta ce, "Malam, wannan ai bayan kiran sallar farko ne."

Ɗakin ya yi tsit. A Harami ana kiran farko kamar awa guda kafin asuba, kuma a watan nan wajen ƙarfe huɗu yake faɗawa. Yaron ya tattara sukundirebobinsa da ɗan sauri. Kafin magariba labari ya zaga gidan bene namu cewa akwai mutanen ɓoye a kwamfutar mai kargo. Wata tsohuwa a hawa na biyu ta aiko a gaya mini kada in damu, tunda yana kiyaye lokacin salla musulmi ne, a bi shi a hankali. Uwargida ba ta ce ta yarda ba, amma daren nan na ji majalisin yana ƙamshin hayaƙin habbatus sauda.

Na ce gani ya kori ji, yau zan kwana a gabanta. Na kawo kujera, na sha gahawa kofi uku, na zuba wa 'yar fitilarta ido tana kyaftawa. Kawu na gefe yana minshari. Aka yi kiran farko, ya motsa, ya yi salati, ya gan ni zaune.

"Lafiya, ɗana?"

Na ce lafiya lau, Kawu, aiki ne. Ganin ya tashi, ladabi ya sa na ce ya zauna, bari in dafa masa shayi a kicin. Na je na dawo a guje, gabana na faɗuwa. Tana nan tana barcinta. Har gari ya waye ko tari ba ta yi ba. Na gaya wa uwargida, ta ce to, mai kunya ne.

Daren da ya biyo na kwana a ɗakina. 4:05.

Na kinkime ta sai Aziziyya. Suka buɗe cikinta suka busa, ƙurar da ta fito ta isa a yi taimama unguwa guda. Suka canja ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo. Suka bar wata manhajar gwaji, MemTest86, ta kwana tana gwada RAM, ba ta sami kuskure ko ɗaya ba. Kwana uku ta yi a shagon tana barci kamar jaririyar da ta ƙoshi. Maigidan shagon ya ce tunda dai a gida tana yi, mai yiwuwa akwatin wutar ne ya tsufa, ɗigon nan na bolt 5 yana rawa. Na sayi sabo, riyal 190, ban da kuɗin aiki da na tasi.

Ranar da na dawo da ita, ranar Kawu ya hau jirgin ƙasan Haramain ya tafi ziyara Madina, tafiyar kilomita 450 da yanzu ake yi cikin awa biyu da wani abu. Dare huɗu ya yi a can. Dare huɗu kwamfuta ba ta motsa ba. Ni kuwa na hau taƙama. A wurin mai tamis da ful na tsare mutane ina musu lacca a kan bolt 5. Na aika wa tsohuwar hawa na biyu cewa aljanin nata riyal 190 ne kuɗinsa. Ko sau ɗaya ban haɗa tafiyar Kawu da wannan sauƙi ba, don ni a lissafina mutumin da ya rantse ya fita daga cikin littafi.

Kawu ya dawo ran Alhamis da tsarabar ajwa. Asubar Juma'a, 4:08.

Daren Asabar ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauki bargo na shiga majalisi na kwanta bayan matasai, ba gahawa, ba kujera, na ce ko ni ko shi. Barci ɓarawo ya sace ni. Abin da ya farkar da ni motsi ne a hankali, na buɗe ido ɗaya. Kawu ne, yana sanɗa a kan yatsun ƙafa don kada ya tashe ni, butar lantarki a hannunsa. Ya durƙusa a gindin bango. Ya kama filogin ekstenshon ɗin da kwamfuta da gilashinta suke jone a kai, ya zare shi cikin natsuwa, ya ajiye a gefe kamar ƙwai. Ya jona butarsa. Ruwa ya tafasa. Ya cire, ya mayar da filogina daidai yadda ya same shi, har da ɗan dannawa don ya zauna sosai.

Fanka ta yi fuuu. Gilashi ya kawo haske. Kawu ya matso da kofinsa gaban hasken ya fara auna sukari.

"Kawu!"

Saura kaɗan ya zubar da shayin. "Subhanallahi! Ɗana, ai sai ka sa mutum ya haɗiye rai."

"Kawu, ba ka ce ba ka taɓa ta ba?"

"To na taɓa ta? Ga ta can, ga ni nan. Bango na taɓa." Ya kurɓi shayi. "Kuma ai kai ka ce. Ranar da na sauka, da na zo jona butar nan a wannan farin abin mai ramuka, ba kai ka riƙe hannuna ka ce kada in kuskura, buta na jan wuta da yawa, zai narke, in riƙa jonawa a bango ba?"

Ni na ce. Ina tuna har yadda na ɗaga yatsa ina faɗa. Buta irin wannan tana jan wajen wat 2000, gaskiya na faɗa masa. Abin da ban duba ba shi ne ramin bango a ɗakin nan guda ɗaya ne tak.

Na ce, "Amma Kawu, ba ka ga tana kunnuwa duk sanda ka mayar ba?"

"Na gani mana. Na ce ka ga kayan Makka, har injinsu ya san lokacin tashi."

Da na kira yaron Aziziyya na ba shi labari, sai da ya ajiye waya ya gama dariya sannan ya sake kira. Shi ya ƙarasa mini sauran. A cikin BIOS, wato saitin tushe da kwamfuta ke bi tun kafin Windows ta tashi, akwai wurin da ake gaya wa kwamfuta abin da za ta yi in wuta ta ɗauke ta dawo, ko ta zauna a kashe, ko ta kunna kanta. Ofishin da suka yi amfani da ita kafin ni sun saita ta a kan ta kunna kanta. Da a kashe nake tarar da ita kullum, da tun ranar farko na bi waya har bango. Ya kuma nuna mini wani nau'in barcin da ake kwafe aikin a faifai kafin ta kwanta, wanda ko an zare wuta ba a rasa komai. Shekara uku yana nan, kyauta.

Tsohon akwatin wutar, wanda lafiyarsa ƙalau, yanzu shi ke tokare ƙofar kicin. Tsohuwar hawa na biyu ta aiko a tambaye ni ko aljanin ya dawo mini da canji. Kawu kuwa na saya masa babban filas, uwargida na cika shi da ruwan zafi tun bayan isha'i, na kuma ja kwamfutar da waya mai tsawo zuwa soket ɗin baranda.

Kwana biyu da yin haka ya kira ni gefe bayan sallar asuba, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, abin nan naka fa tun da ka gyara shi ya lalace. Da in na tashi yakan haska mini. Jiya a duhu gishiri na zuba a shayi."