Ganau ma yana da ɓangare

Ranar da na fara shiga ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew, a Landan, sauƙin abin ne ya ba ni tsoro. Ka karɓi katin shiga, ka zaɓi lambar fayil a kwamfuta, kafin ka huta an kawo maka shi. Biro ba ya shiga ɗakin, sai fensir. Jerin CO 446 na nema, wato wasiƙun da suka riƙa kai-komo tsakanin Gwamna Lugga da Landan kan Arewa, ina bin sawun yaƙin da Turawa suka yi da mutanen Satiru, wani gari kusa da Sakkwato, a 1906.

Tun muna jami'a aka karanta mana cewa madogara iri biyu ce, ganau da jiyau. Takardar da aka rubuta lokacin da abin ke faruwa ita ce ganau, littafin da wani ya haɗa daga baya kuwa jiyau ne. To amma wannan ganau na Kew daga bayan bindiga ya leƙo. Turawa ukun da aka kashe kowa da sunansa da muƙaminsa, mutanen garin da aka shafe kuwa taron 'yan tawaye ne kawai. Ɗalibai da yawa a nan suna ɗaukar hoton shafi ɗari a wuni, su koma gida suna ganin sun gama bincike.

Ni dai ban yarda ba. Abin da ya iso Landan tatacce ne. Ɗanyen yana ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kaduna, cikin fayilolin SNP, na Sakatariyar Lardunan Arewa, da SOKPROF, na Lardin Sakkwato, inda Razdan da Di'o suka rubuta rahoton haraji gunduma-gunduma, har da rigimar naɗin hakimai. Rubuce-rubucen Larabci da ajami kuma sai ka taka zuwa Arewa House, cibiyar binciken tarihi a Kaduna, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. A can aiki na tafiya da gaisuwa da haƙuri, kuma tsohon ma'aikaci kan tuna fayil ɗin da kundin suna bai nuna maka ba. Kwamfutar Kew ba ta taɓa ce mini “duba wancan ma” ba.

Abin da ya fi damuna ma gafakar kakanmu ce. Akwai wasiƙu a ciki da tawadar gida, gara ta cinye gefen guda biyu, har ta tafi da sunan wanda ya aiko ɗaya. Na kira Yaya na ce ya ɗauki hoton kowane shafi, gaba da baya. Ya ce sai Baffa ya dawo daga gona, makullin akwatin yana aljihunsa.